Ɗiyar Fari a Ɗakin Gwaggo

Ina da wata ɗabi'a tun ina budurwa: kafin abu ya faru na riga na gama tsara shi a zuciyata, da launinsa da ƙamshinsa, har da abin da kowa zai faɗa. Littattafan soyayyar da nake haya a kasuwar Tambuwal ne suka saba mini da haka. A cikinsu, idan mace ta koma garinsu bayan ta daɗe, iska mai sanyi ke fara tarbar ta, sannan tsofaffi su rungume ta ana hawayen daɗi, a shimfiɗa mata darduma a ƙarƙashin inuwa. Haka na tsara tafiyarmu ƙauye a babban hutun damina. Na yi ta juya ta a raina ina yi mata kwalliya kamar amarya.

Ƙauyen namu yana gaba da Kebbe, ta wajen Fakku. Can na girma a hannun Gwaggo, yayar mahaifina, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Ita ta riƙe ni tun ban san damata da haguna ba har ta kai ni ɗakin miji. Aure da aikin koyarwa suka zaunar da ni a Tambuwal, kuma tun da hanya ta fara ba mutane tsoro sai zuwa ya yi wuya. In ma na je, ni kaɗai nake zuwa in juyo da wuri. Ana nan Gwaggo ta aiko cewa idonta yana tafiya, in kai mata jikokinta ta gan su tun bai rufe ba. Yarana uku ne: babbar mace ce, tana aji huɗu a lokacin, sai namiji mai bi mata, sai jinjira a bayana.

Na ɗauka hanya ce abin tsoron. Daga Kebbe muka hau baburan kabu-kabu biyu, ni da namijin da jinjira a ɗaya, babbar da jakunkunanmu a ɗayan. Gero ya yi tsawo har ya shanye mutum, ya matso hanya ta dama da hagu, ba ka ganin komai sai kore da sama. Duk labaran masu fitowa daga daji da ake kawowa ofishin malamai suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. In wani ya ɓullo daga gona da kalmen noma a kafaɗa sai gabana ya faɗi, sai ya ɗaga hannu ya ce sannunku sannan numfashina ya dawo. Wuyana har ciwo ya yi don waiwaye. So nake in tabbata ɗan jan hijabin babbar yana biye da mu, kuma duk waiwayen da na yi sai ta ɗago mini hannu tana dariya, da ɗigon laka a kumatu.

Ya kamata in faɗi yadda muke da ita. Kowa ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi gaban mutane. Tawa kunyar ma ta ninku, don sunan mahaifiyata aka sa mata, ban taɓa furta shi ba, da wani ɗan laƙabi nake kiran ta. Amma iyakar kunyar tawa ke nan. A gidan hayarmu na Tambuwal, inda maƙwabta duk ma'aikata ne kowa na fama da kansa, ƙawata ce. Ina yi mata kitso tana ba ni labarin 'yan ajinsu, wadda ta yi faɗa da wadda ta shirya. In an yi tsawa, ko da rana tsaka ne, cikin zanena take shigewa. Sai dai tun kafin mu taso na yi wa kaina faɗa cewa a ƙauye zan kama kaina, kada a ce Gwaggo ta yi renon mara kunya. Ban ga dalilin yi wa yarinya bayani ba. Abu ne da kowa ya tashi ya tarar, sai na manta ita ba a can ta tashi ba.

Gidan ya ƙanƙance fiye da yadda na ajiye shi a zuciyata. Ruwa ya ci katangar gabas an tare wurin da zana. Gwaggo ma ta ƙanƙance. Tana zaune a tabarma bakin ɗakinta, ta karkata kai tana sauraren tafiyarmu kafin ta gane mu. Kafin mu gama cire takalma matan unguwa sun cika tsakar gida, har da Inna, matar Baffana, wadda ɗakinta ke kallon na Gwaggo.

Namijin Gwaggo ta fara kamawa.

"Wanga shi na mijin nawa? Kai maigida, haka aka zuwa wurin mata, hannu na dukan cinya? Ina goro, ina turmin zane?"

"Ni ba mijinki ba ne," in ji shi, yana ƙoƙarin ƙwacewa. "Ke ba ki da haƙora."

"Ku ji min marowaci! To ba ni takardata tun da rana."

Gida ya kaure da dariya. Na ce a raina, ga shi nan, kamar yadda na tsara.

Sannan ta miƙa hannu wajen babbar. Ta jawo ta kusa, har goshinsu ya kusa haɗuwa, ta shafa kumatunta da kunnuwanta da 'yan yatsunta.

"Haka kike sak ranar da anka kawo min ke," ta ce da ni. Sai ta juya wajen matan. "Wagga kam ta zo gida. Ba ta komawa."

Duk suka zuba mini ido suna murmushi. Na san amsar, na sha jin ta a bakin mata tun ina ƙarama, har na ji daɗin samun damar nuna ban manta ba. Na kau da kai, na gyara goyona, na ce, "Ai taki ce, Gwaggo. Ni mi za ni yi da ita? Riƙe abarki, ko na huta."

"Madalla!" in ji wata tsohuwa. "Ashe boko bai cinye ta ba."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kun dai ji da kunnenku." Ta ɗaga hannu biyu sama. "Allah shi yi miki albarka, shi ba ki masu yi miki yadda kiy yi min." Ta dafa bango ta miƙe, ta laluba cikin kayanmu ta zaro 'yar jakar yarinyar mai hoton fure, ta shiga da ita ɗaka ta rataye a ƙusar da ke bayan ƙofa.

Na san ƙusar nan. A jikinta ƙunshin kayana ya rataya ranar da mahaifiyata ta kawo ni. Mu ma ziyara muka zo. Ban riƙe abu mai yawa daga ranar ba, amma na riƙe muryar mahaifiyata tana faɗin kalmomin da na gama faɗa yanzu, da dariyar mata, da bayanta cikin shuɗin zane yana shiga tsakanin gero. Ina tsaye bakin zaure ina jiran ta waiwayo. Ba ta waiwayo ba. Daga nan sai a biki ko suna nake ganin ta, mu gaisa kamar surukai, har ta koma ga Allah ban taɓa tambayar ta komai ba. Gwaggo ba ta rage ni da komai ba, wannan kam ko a gaban Ubangiji zan faɗa. Sai na ƙoshi take ci. Amma da na girma na fara karatun littattafai, duk inda na zo wurin da uwa ta rungume ɗiyarta sai na koma na sake karantawa.

Fura aka kawo mini a ƙwarya, irin wadda na yi ta mafarkinta, da nono mai kauri. Na kurɓa sau ɗaya na ajiye.

Na yi ta ba kaina magana cewa wasan kaka da jika ne. Amma kowace safiya sai ta zo da abin da ke ƙaryata ni. Gwaggo ta sa aka sayo ɗan ƙaramin tulu daidai kan yarinya. Ta nuna mata inda take ajiye daddawa da inda take ɓoye makullin adaka. Ta kama hannunta suka tafi gaishe da malamin da ke koyar da 'yan mata karatu da yamma. Ta kwanto 'yar akuya fara mai baƙin kunne ta damƙa mata igiyar. "Wagga taki ta. In ta haihu, ɗiyan naki na." Yarinyar ke zura mata zare a allura, ita ke ɗiga mata maganin ido safe da yamma, tana riƙe mata fatar ido da ɗan yatsa a hankali. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai Gwaggo ta ce, "Na samu ido. Allah ya maido min da idona."

Yadda take faɗin haka ne ya fi tayar mini da hankali, don gaskiya take faɗa. 'Ya'yan Inna mata duk sun yi aure, mazan suna gona tun safe, Inna kanta gwiwa ta dame ta. Na ga Gwaggo da idona tana laluben buta da ƙafa. Idan akwai wanda ke da hakki a kaina a duniyar nan, ita ce. Na san haka, kuma sanin bai rage mini komai ba.

A ɗakin Inna aka sauke ni da ƙananan, babbar kuwa a gadon Gwaggo. A tsakar gida ina wuce ta kamar ban san ta ba, don kullum akwai ido a kanmu. Wata rana ta taho da gudu tana ɗingishi, ƙaya ta soke ta a tafin ƙafa. "Mama, duba!" Mata uku na zaune suna tsinar zogale. Hannuna har ya tashi, na mayar da shi kan cinyata, na ce, "Je ki wurin kakarki." Ta tsaya ta dube ni. Ba ta yi kuka ba. Ta juya tana taka diddige ta tafi.

Bayan kwana biyu hadari ya taso da azahar, gari ya yi duhu, aka saki wata tsawa da ta girgiza kwanukan da ke kife. Ina bakin ƙofar Inna. Na ga yarinyar ta zabura daga gindin turmi ta yo wajena, taku biyu ko uku, sai ta tsaya cak cikin yayyafi kamar wadda ta tuna wani abu. Ta juya ta ruga ɗakin Gwaggo. Na zauna ina kallon ruwa yana zuba daga indararo, zanena duk a sake, babu kowa a cikinsa.

Tsoro iri-iri ne ya riƙa zuwa mini. Ina jin maza a zaure suna rage murya in suna zancen ƙauyukan da mutanensu suka kwashe suka koma Kebbe. Ina duban zanar da ta maye gurbin katanga, wadda ko akuya tana iya ture ta. Ina tuna in sanyi ya kama yarinyar ƙirjinta kan yi ƙara, kuma ni kaɗai na san irin ƙarar da za a jira da irin wadda ba a jira. Amma can ƙarƙashin duk waɗannan akwai wanda ya fi su: wata rana za ta zo Tambuwal da ɗan kwalinta a ɗaure irin na manya, ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, ni ma in amsa da ladabi.

Waya ba ta kamawa a ƙauyen sai a kan wani tudu da ke hanyar fita gari, gindin wata tsohuwar tsamiya. Can na tafi da hantsi na kira mahaifinsu. A littafi, da kafin la'asar motarsa ta tsaya ƙofar gida. Mu ko mota babu, babur ne. Na zayyana masa abin da ya faru, sai ya jefo mini tambaya.

"Ke da bakinki kic ce ta riƙe?"

"Ai maganar baki ce. Kowa haka yake cewa."

"Gaban mutane?"

"Gaban mutane."

Ya ja numfashi. "Tsohuwar nan ita ta ba ni ke, ba ta tambaye ni komai ba. Da wane baki za ni ce ta maido min ɗiya? Ɗiyar fari kuma? Sai a ɗauke ni a faifai har Sakkwato."

"To in baro ta?"

"Ban ce ba."

"To mi kac ce?"

"Ki yi dabara." Sai muryarsa ta sauya. "Takalmanta na makaranta na nan bakin ƙofa inda ta watsar da su. Kullum sai na yi tuntuɓe da su, na kasa ɗaukewa."

Dabarar farko, na sami Inna tana tankaɗe na zauna kusa da ita na yi ta kewaye-kewaye. Ba ta bari na gama ba ta fashe da dariya.

"Ke ɗiyar nan, kyauta kika so ki amshe? Wanda ya yi kyauta ya amshe, kin san abin da aka cewa yana fito mai a ƙeya."

"Inna, makarantarta nika ji."

"Nan babu makaranta? Ke a bisa icce kiy yi taki har kiz zama malama?" Ta buga rariya a tafin hannu. Sai ta rage murya. "Tun da kunka zo tsohuwar nan take cin tuwo har da ƙari. Ni dai babu bakina."

Dabara ta biyu, na zauna ina matsa wa Gwaggo ƙafa na ce hutu ya kusa ƙarewa, yara za su koma aji.

"Haka na," ta ce. "Kada ku makara. Ki gaishe min da maigidanki, ki ce na gode, na gode."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na ga ƙafar da ke hannuna, duk faso, ƙafar da ta yi ta zuwa rafi da ni a baya ina ƙatuwa don kawai na ce na gaji. Na ci gaba da matsa.

Ana gobe za mu tafi, da la'asar, na zagaya bayan rumbu in kwashe shanyar jinjira. Can na tarar da yarinyar tsugune, igiyar akuya a hannu, tana ba ta ganyen wake. An sa mata lalle har wuyan hannu. Babu kowa a wurin. Na durƙusa na kira ta da laƙabin nan namu na gida. Ba ta ɗago ba.

"Mama," ta ce da akuyar, ba da ni ba, "in na daina dukan ƙanena, za ki tafi da ni?"

"Wa ya ce don haka ne?"

"Kin ce ki huta. Na ji da kunnena."

"Wannan maganar manya ce. Haka ake faɗa, ba haka ake nufi ba."

"Kaka ta ɗauka haka kike nufi."

Ta ƙara miƙa wa akuyar ganye.

"Zan riƙa wanke kwanuka ba sai kin ce ba. Ba zan sake taɓa littattafanki na ƙarƙashin katifa ba." Yanzu ta ɗago, idanunta sun cika amma ta hana su zuba. "Hotunan bangon kawai nake kallo."

Na kama hannunta mai lalle na haɗa da ƙirjina. Na ce ba ta yi mini laifin komai ba, na ce zan gaya wa Kaka.

"Yaushe?"

Daidai nan muka ji takun wata mata ta nufo bayan rumbu. Ban san lokacin da na saki hannun ba. Jikina ne ya yi da kansa, kamar yadda ake janye hannu daga wuta. Ta dubi hannunta, ta dube ni, ta ja akuyarta ta wuce.

Da safe 'yan kabu-kabun suka zo suka tsaya ƙofar gida suna ɗan matsa hon. Mata suka taru sallama. Wannan ta kawo ƙwan zabi a cikin dusa, waccan kuka da daddawa, Inna ta ɗaure mana ɗanyar gyaɗa a ɗan buhu. Yarinyar kuwa tana tsaye bakin ɗakin Gwaggo cikin wani sabon zane da aka yanka mata, hannun Gwaggo a kafaɗarta. Ba ta kallon kowa.

Na durƙusa gaban Gwaggo. Tun asuba nake shirya maganar, na jera ta tsaf, mai laushi, mai ladabi, irin wadda ba za ta ɓata wa kowa rai ba. Da na ɗaga kai na ga matan a kewaye da mu, sai duk ta watse. Abin da ya fito shi ne, "Gwaggo, za mu koma. A yafe mu."

"Allah shi kiyaye hanya. Allah shi raya."

Na miƙe. Ƙafafuna suka ɗauke ni suka bi da ni ta zaure kamar na aro su. A waje aka ɗaura kaya, aka ɗora namijin a kan tanki. Ya waiga dama ya waiga hagu.

"Mama, ina Yaya?"

"Yi shiru."

"Ba mu jiran Yaya?"

Wata mata ta yi dariya ta ce Yaya ta zama 'yar gari. Na ɗaga ƙafa zan hau. A gabana ga hanyar nan ta miƙe ta shige tsakanin gero, ita ce dai, ba ta sauya ba. Sai na ji wani abu a tsakiyar bayana, ƙasa da inda jinjira ke kwance, kamar an ɗora mini garwashi. Ban waiwaya ba amma na san ta fito bakin zaure. Na san inda take tsaye, na san dutsen da ke ƙarƙashin ƙafarta, na san abin da take jira, kuma na san tsawon shekarun da mutum ke iya yi yana jiran sa.

Na sauke ƙafata. Na juya. Na kira ta da sunanta na yanka, sunan da ban taɓa ɗora wa harshena ba, da ƙarfin da har tantabaru suka tashi daga kan zaure.

"Zo mu tafi gida!"

Wata ta ce, "La'ilaha illallahu, ta kira suna!" Wata ta rufe baki da gefen mayafi. Yarinyar ba ta jira na sake ba. Ta taho da gudu ta faɗa jikina har muka kusa faɗuwa da goyon, ta cusa kai cikin zanena tana wani irin kuka marar sauti. Na riƙe ta gaban kowa.

Da hannunta a cikin nawa na koma cikin gida. Gwaggo tana tsaye inda muka bar ta, hannun da ke kafaɗar yarinyar yana nan a sake a gefenta. Na zube a gabanta.

"Gwaggo, ƙarya niy yi. Ba ni iya barin ta. Ki yi min duk abin da kika so, amma ba ni iyawa."

Ta daɗe tana duban saman kaina.

"Gaban mutane," ta ce. "Ni niy yi renonki haka?"

Ta juya ta shiga ɗaka. Muna jin ta tana laluben bayan ƙofa. Ta fito da jakar mai hoton fure ta sake ta a ƙasa gabana, ba ta miƙo mini ba.

"Akuya na nan. Ba a kai ta birni ta ci leda."

"To, Gwaggo."

"Uwarki ta fi ki kunya."

"Na sani, Gwaggo."

"Ba ki sani ba." Ta gyara tsayuwa ta dafa ƙofa. Ta yi maganar a hankali, ba don matan ba. "Ranar da tab bar ki, ba ta wuce tudun tsamiya ba. Nan taz zauna har rana ta karkata. Sa'an nan idona garau yake, ina hangen ta daga bakin rumbu. Na ce a raina in ta dawo, in ba ta abarta. Ba ta dawo ba." Ta kau da fuska. "Ni kau ban aika ba."

Ban san kuka nake ba sai da na ga ƙasa tana jiƙewa tsakanin hannuwana.

"Tashi," in ji ta. "Rana na yi, hanya ba ta da kyau."

Yarinyar ta zare hannunta daga nawa, ta shiga ɗakin ta fito da 'yar kwalbar maganin ido ta kai wa Inna. Tana shessheƙa tana nuna mata yadda ake riƙe fatar idon, da cewa kada bakin kwalbar ya taɓa. Inna ta ce, "To likita, na ji." Ba wanda ya yi dariya sosai. Sannan ta je ta rungume Gwaggo ta ƙugu. Gwaggo ta ɗora hannu a kanta, ta shafa sau ɗaya, ta ture ta a hankali.

Ba ta raka mu ba. A komawa na sauya zama: namijin da kaya a babur ɗaya, ni da ita da jinjira a ɗaya, tana gabana tsakanina da mai tuƙi, haɓata a kan hijabinta. Da muka hau tudun tsamiya na dubi gindinta, inda saiwoyi suka fito suka yi kamar kujera. A kansu na zauna na yi waya ban sani ba. Na waiwaya. Can ƙasa, bakin rumbu, ga Gwaggo tsaye ta yi wa idonta inuwa da hannu. Ta fuskanci ɗan gefe da inda muke, wajen da ƙarar babur ta fi zuwa mata. Na ɗaga hannu duk da na san ba ta gani. Gero ya rufe mu. Har muka kai Kebbe mutane suna ɓullowa daga gonaki da kalme a kafaɗa, ban ma lura da su sosai ba.

Labarin ya riga ni isa ko'ina. Har yau in na haɗu da 'yan garinmu a biki sai wata ta ce, "A'a, ga mai kiran suna." Watanni suka wuce Gwaggo ba ta karɓi wayata ba. In Baffa ya hau tudu ya kira, sai ya ce tana gaishe da yara. Ni kuma in na tashi zuba miya sai in tuna ta tana laluben buta da ƙafa, in rasa inda zan sa kaina.

Bayan an kwashe amfanin gona, wata ranar kasuwa, wani ɗan garinmu ya biyo ta gida da ƙullin daddawa da saƙo. Ya tsaya bakin ƙofa yana sosa ƙeya, ya ce a gafarce shi, an ce ya faɗa yadda aka faɗa masa, kada ya gyara.

"Ta ce a gaya wa mai akuya, akuyarta ta ɗauki ciki, ta zo da hutu ta ga abinta. Ta ce kuma a gaya wa uwarta mara kunya, in za ta kawo ta, ta zo da bakinta na gaskiya tun daga zaure."